Antibairos Ya Hana Talabijin Ganin Kwamfuta: Wace Kariya Ce Ta Dace da Gidan da Ake Tura Fim?

Matsalar kusan kullum kamarta ɗaya ce. Kwamfuta cike take da finafinai, karatuttukan malamai da bidiyon biki, talabijin kuma na zamani ne, duk suna kan Wi-Fi ɗaya. Jiya talabijin ɗin yana ganin kwamfutar a jerin na'urorinsa, yau ta ɓace. Ko kuma yana ganin ta, amma da an danna folda sai ya yi ta juyi har ya gaji. Idan aka bincika sai a tarar an ɗora sabon antibairos, ko wanda ke ciki ya sabunta kansa. Abin da mutane da yawa ke yi daga nan shi ne su kashe kariyar gaba ɗaya, fim ya tafi, su kuma su manta ba su kunna ba. Wannan ne mafi munin zaɓi, kuma yana damu na ƙwarai, domin a kwamfutar nan ce ake shiga banki da imel da takardun aiki. Akwai hanyoyin da suka fi shi, kowace da ribarta da wahalarta.

Kafin a zaɓa sai an san wane ɓangare ne ke yin tarewar. Abin da muke kira antibairos a yau tarin manhajoji ne cikin kwali ɗaya. Akwai mai duba fayiloli, akwai mai tace shafukan intanet, sau da yawa akwai VPN (manhajar da ke bi da zirga-zirgar intanet ɗinka ta wata ɓoyayyar hanya), sannan akwai katangar tsaro, wadda ke yanke hukunci kan wace na'ura aka yarda ta yi magana da kwamfutar. A mafi yawan lokuta mai duba fayiloli ba shi da laifi. Katangar ce. Aikinta irin na maigadin da aka kawo yau ne, aka ce masa kada ya bar baƙo ya shiga: bai san talabijin ɗan gida ne ba, sai an gabatar masa da shi.

Dalilin da ya sa talabijin ke zama baƙo yana cikin yadda na'urorin ke neman juna. Tsarin DLNA, wato ƙa'idar da na'urorin gida ke bi wajen tura wa juna bidiyo, wanda kusan kowane talabijin na Samsung, LG, Sony ko Hisense ke fahimta, ya samo asali tun 2003, kuma ƙungiyar da ta kafa shi ta rufe a 2017, amma har yanzu shi ake amfani da shi. Talabijin yana yin shela ne ga duk na'urorin gida a adireshin 239.255.255.250 ta ƙofa mai lamba 1900 (ƙofa a nan lamba ce da ke nuna mashigar da saƙo zai bi a cikin na'ura), yana tambayar wa ke da bidiyo. Kwamfutar da ke da shi sai ta amsa, daga nan talabijin ya zo ya buɗe wata ƙofar ya fara jan fim ɗin. Ka lura da wannan: talabijin ne ke shigowa wurin kwamfuta, ba kwamfuta ke fita ba. Kowace katanga kuwa an gina ta ne a kan ta bar abin ciki ya fita, ta tare abin waje da ba a gayyata ba. Chromecast da AirPlay, hanyoyin Google da Apple na tura bidiyo zuwa talabijin, su ma shela suke yi, sai dai tasu ta ƙofa 5353 ce. Idan katanga ta haɗiye shelar, na'urorin biyu za su zauna a ɗaki ɗaya ba tare da sun san da juna ba.

Ka tabbatar da mai laifin tukuna

Gwajin ba ya cin minti biyar. Ka dakatar da katangar kaɗai na ɗan lokaci, ka koma ka duba talabijin. Ka kula, a wasu manhajojin, irin su ESET, maɓallin dakatar da kariya daban yake da na dakatar da katanga, don haka mutum kan kashe ɗaya ya ce ya gwada alhali mai tarewar tana nan tsaye. Idan kwamfutar ta bayyana, ka kama mai laifi, sai ka mayar da katangar nan take ka je ka gyara saitinta. Idan ba ta bayyana ba, canza antibairos asarar kuɗi ne kawai.

Abubuwan da ke kama da laifin antibairos suna da yawa. Talabijin yana kan Wi-Fi na baƙi, kwamfuta tana kan na gida, rauta kuma, wato na'urar da ke bayar da Wi-Fi, ta raba su da gangan. Wasu rautoci da ƙananan MiFi suna da saitin da ake kira AP Isolation, wanda ke hana na'urorin da ke kansu ganin juna. Idan hoto ya fito babu sauti, wannan maganar nau'in fayil ce: talabijin ɗin Samsung tun daga na 2018 ba sa karanta sautin DTS. Idan fim yana tafiya yana tsayawa, ka fara zargin Wi-Fi na 2.4 GHz da bangon siminti kafin ka zargi wata manhaja. Fim mai ingancin 4K da aka kwafo daga faifai kai tsaye yana iya neman megabit 60 ko fiye a daƙiƙa, abin da raunannen Wi-Fi ba ya iya ɗauka.

Zaɓi na farko: abin da Windows ya zo da shi

Tun daga Windows 8 a 2012, Microsoft ke saka cikakken antibairos a cikin Windows, wanda yanzu ake kira Microsoft Defender, kuma katangar Windows tana kunne tun zamanin XP, daga sabuntawar 2004. Ga gidan da ake tura fim zuwa talabijin, wannan haɗin ne ya fi kowane sauƙi, kuma dalilin a fili yake. Wanda ya gina katangar shi ne ya gina tsarin raba fayiloli da na tura bidiyo, don haka da ka kunna Media streaming a Control Panel, Windows da kansa yake buɗe ƙofofin da ake buƙata. Manhajojin sabar bidiyo, wato masu miƙa wa talabijin finafinan da ke kwamfuta, irin su Plex, su ma yayin girka su, ƙa'idarsu suke rubutawa a katangar Windows, domin ita kowa ke da ita. Katangar wani kamfani daban ba lallai ta karanta wannan ƙa'idar ba.

Wuri biyu ne ake tuntuɓe a nan. Na farko, Windows yana raba hanyoyin sadarwa gida biyu, Public da Private. Windows 11 yana ɗaukar duk sabon Wi-Fi a matsayin Public, wato irin na otal ko filin jirgi, inda yake ɓoye kwamfutar daga kowa. Sai ka shiga saitin Wi-Fi ɗin gidanka ka mayar da shi Private da hannunka. Ga mu masu yawan sauyi, yau MiFi, gobe hotspot na waya, jibi an canza rauta, wannan yana nufin kowane sabon suna sai an sake gaya wa Windows cewa gida ne. Na biyu, ranar farko da manhajar bidiyo ta tashi, Windows yana fito da ƙaramin akwati yana tambaya ko a bar ta. Wanda ya danna Cancel don ya kawar da shi daga gabansa ya rubuta ƙa'idar hani ke nan ba tare da ya sani ba, kuma akwatin ba zai sake fitowa ba. Gyaransa yana cikin Allow an app through firewall.

To ƙarfin kariyar fa? Shekarun baya ana raina Defender, kuma da gaskiyar masu rainawar a lokacin. Yanzu abin ya canza. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana ba da maki 6 a kowane fanni uku, kariya da sauri da sauƙin amfani, kuma Defender yana yawan samun cikakken maki a fannin kariya, kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Rauninsa ɗaya ya shafe mu kai tsaye: ya dogara sosai da intanet wajen gane sabon bairos. A gwaje-gwajen AV-Comparatives ta Innsbruck a Ostiriya, abin da yake kamawa idan babu intanet yana ƙasa da abin da yake kamawa idan akwai, fiye da yadda ake gani a wasu abokan gasarsa. Kwamfutar da ke yin mako ba ta ga data ba, ana kuma soka mata filashin mutane, tana cikin wannan gibin. Katangar Windows kuma ba ta tambayar ka idan wata manhaja tana fita waje, sai ka je ka rubuta ƙa'ida da kanka.

Duk da haka, idan kwamfutarka tana hawa intanet akai-akai kuma Windows ɗinka na sabuntawa, wannan nake ba da shawara. Ba ka biyan ko kwabo, babu ranar da lasisi zai ƙare, kuma idan abu ya lalace wuri ɗaya za ka duba. Mai Windows 10 dai ya tuna cewa Microsoft ya daina ba shi sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, kuma babu antibairos ɗin da ke toshe ramin da ke cikin Windows kansa.

Zaɓi na biyu: antibairos na waje wanda ba shi da katanga

Wannan zaɓin mutane ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne tsaka-tsaki mai kyau. Kamfanoni da dama suna sayar da ƙaramin kwali mai duba fayiloli da shafuka kawai. ESET NOD32 Antivirus haka yake, haka ma Bitdefender Antivirus Plus da na kyautarsa. Idan ka ɗora ɗaya daga cikinsu, Defender zai janye ya bar masa aikin kama bairos, amma katangar Windows tana nan tana aikinta, kuma talabijin bai san an yi wani canji ba. Wanda ke son injin da ya fi ƙarfi ba tare da intanet ba, amma ba ya son rigimar katanga, nan ne wurinsa.

Ɗan abin da ya rage na tsangwama a nan iri biyu ne. Mai tace shafuka yakan shiga tsakanin burauza da sabar bidiyo idan haɗin mai rufin asiri ne, sai ka ga shafin Plex ya ƙi buɗewa a kwamfutar alhali talabijin yana aiki. Sannan idan sabar tana sauya nau'in fim yayin da ake kallo, tana rubuta ƙananan fayiloli masu yawa a wata folda ta wucin gadi, mai duba fayiloli kuma yana bin kowane ɗaya, abin da tsohuwar laftof ke ji a jikinta. Maganin shi ne a ware wannan foldar kaɗai daga bincike. Kada ka ware foldar Downloads, kada kuma ka ware dukan faifan, domin ta nan ne fayil ɗin da aka yi wa suna kamar fim alhali manhaja ce yake shigowa.

Smadav, ɗan ƙasar Indonesiya da ake gani a kusan kowane shagon buga takardu da na tura finafinai a garuruwanmu, yana cikin wannan rukunin ta wata fuska. Ba shi da katanga, don haka da wuya ya zama shi ne ya ɓoye kwamfuta daga talabijin. Masu shi da kansu sun ce kariya ce ta biyu, musamman don filashi. A bar shi tare da Defender idan ana so, amma kada a ɗauke shi a matsayin kariya ta farko.

Zaɓi na uku: manyan kwalaye masu katangarsu

A nan ne mafi yawan koke-koke ke fitowa, kuma a nan ne bambanci tsakanin kamfanoni yake da muhimmanci. Dukansu suna iya zama lafiya da talabijin. Tambayar ita ce wanne ne zai nuna maka abin da ya tare, kuma matakai nawa za ka bi kafin ka gyara.

A ganina ESET, na ƙasar Sulobakiya, ya fi sauran a wannan fannin. A sashen kariyar sadarwa yana da shafin da ke jera na'urori da manhajojin da ya tare kwanan nan, da adireshin kowace da yawan karon da ta ƙwanƙwasa. Kana ganin talabijin ɗinka a ciki, ka danna a sake shi, an gama. Yana kuma da yanayin koyo, inda za ka kunna shi na ɗan lokaci, ka tura fim, shi kuma ya rubuta ƙa'idojin da kansa, sannan ka kashe. Wanda ba ya son haddace lambobin ƙofa zai gode wa wannan.

Bitdefender, na Romaniya, injinsa na kama bairos yana cikin waɗanda ba sa sauka daga sahun gaba a gwaje-gwaje, amma katangarsa ba ta cika surutu ba, tana tarewa ne shiru. Abu biyu ake dubawa: nau'in hanyar sadarwa ya zama Home/Office maimakon Public, sannan a kashe Stealth Mode a kan Wi-Fi ɗin gida, domin aikin wannan saitin shi ne ya sa sauran na'urori su daina ganin kwamfutar. Idan an gyara waɗannan biyun yakan zauna lafiya, amma sai ka san da su kafin ka nemo su.

Kaspersky yana ba kowace hanyar sadarwa ɗaya daga matsayi uku, Public ko Local ko Trusted. Local ya isa ga raba fayiloli da bidiyo a mafi yawan gidaje. Trusted yana buɗe komai, kuma ban ga dalilin ba shi ga Wi-Fi ɗin da maƙwabta da baƙi suka san lambar sirrinsa ba. Katangarsa tana da zurfi, mai son sarrafa kowace manhaja zai ji daɗinta. Ya kamata dai a san cewa a Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta saboda alaƙar kamfanin da Rasha, sabuntawa kuma ta tsaya a can a ƙarshen Satumbar shekarar. Haramcin na Amurka ne, amma wanda ke aiki da kamfani ko ƙungiyar can ya tambayi ofishinsa kafin ya ɗora.

Avast da AVG kusan abu ɗaya ne da fenti biyu, tun da Avast ya sayi AVG a 2016, sannan a 2022 suka haɗe da Norton da Avira ƙarƙashin Gen Digital. Katangar Avast tana tambayar ko ka amince da hanyar sadarwar ko ba ka amince ba, kuma amsar da ka bayar ita ce ke yanke wa talabijin hukunci. Gyaran danna ɗaya ne idan ka san inda yake. Abin da ya sa ba na gaggawar ba da shawararsa wani ne daban: a Fabrairun 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ta hannun reshensa Jumpshot. An rufe reshen tun 2020, amma mai zaɓe yana da haƙƙin ya sani. Norton kuma yana da matakan amincewa ga hanyar sadarwa da kuma ga na'ura guda, don haka ana iya amincewa da talabijin kaɗai ba tare da an buɗe wa kowa ba, wanda tunani ne mai kyau.

Akwai tarko ɗaya da ya haɗa manyan kwalayen nan duka, wato VPN ɗin da suke haɗowa da shi. Idan ya kunna, yana tattara zirga-zirgar kwamfutar ya bi da ita ta wata ƙasa, wasu kuma suna toshe hanyar cikin gida gaba ɗaya. Mutum zai gyara katanga tsaf, talabijin ya ci gaba da makanta, ashe VPN ne ke tashi da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. A nemi saitin da ke barin na'urorin cikin gida, in babu a kashe shi lokacin kallo.

Sai maganar kuɗi. Waɗannan kwalayen haya ake yi duk shekara, farashin shekarar farko yakan yi sauƙi, na sabuntawa kuma ya haura, sau da yawa da dala. Sababbin laftof da yawa suna zuwa da McAfee ko Norton na gwaji na kwana 30, kuma idan wa'adin ya cika ba a biya ba, sai a bar manhajar a ciki tana ta gargaɗi, ba a san ko ita ke gadi ko Windows ba. Kwali mai lasisin da ya mutu ya fi Defender mai rai rauni nesa ba kusa ba. Wanda aka fasa aka ɗora da lambar sata kuwa, shi kansa hanyar shigowar bairos ne. Babban kwali ya dace ne da gidan da ke buƙatar abin da ke cikinsa da gaske, kamar sa ido kan abin da yara ke buɗewa ko tare manhajojin da ke fita waje, kuma akwai mutum ɗaya a gidan da zai riƙa buɗe shi yana dubawa.

Hanyar turawar ma zaɓi ce

Wani lokaci ba antibairos ya kamata a canza ba, hanyar da ake tura fim ɗin ce. DLNA ya fi kowace hanya saurin karyewa, saboda komai nasa ya rataya a kan shelar nan. Idan ba a ji ta ba, yawancin talabijin ba su da wurin da za ka rubuta adireshin kwamfuta da hannu. Ƙofar jan bidiyon ma ta bambanta daga manhaja zuwa manhaja: Serviio yana amfani da 8895, Windows kuma da 2869 da 10243.

Plex da Jellyfin sun fi sauƙin sha'ani da katanga, domin ƙofa ɗaya ce babbarsu, 32400 ga Plex, 8096 ga Jellyfin. Ka buɗe wa wannan ƙofar hanya a cikin gida kawai, ka rubuta adireshin kwamfutar a manhajar talabijin, shela ta zama ba dole ba. Tsakanin su biyun, Plex ya fi samuwa a shagunan manhajar talabijin iri-iri, kuma kallo a cikin gida kyauta ne, ko da yake tun Afrilun 2025 kallo daga wajen gida ya koma na kuɗi. Sai dai yana son ya tabbatar da asusunka ta intanet, don haka ranar da data ta ƙare yana iya hana ka shiga finafinanka, in ba ka riga ka saka adiresoshin gidan cikin jerin waɗanda aka yafe wa shiga da asusu ba. Jellyfin, wanda ya ɓalle daga Emby a 2018, kyauta ne gaba ɗaya kuma ba ya neman asusun waje. Ga gidan da data ke yankewa, shi na fi so, muddin talabijin ɗin yana da manhajarsa, kamar masu Android TV da na LG. Ko wanne ka ɗauka, fim ɗin da ke tafiya daga kwamfuta zuwa talabijin ta rautar gida ba ya cin data.

Abu ɗaya da ya zama dole ga duk mai rubuta adireshi da hannu: ka shiga rauta ka ɗaure wa kwamfuta da talabijin adireshi na dindindin. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta na iya sake rabon lambobi, kwamfutar da take 192.168.0.101 jiya ta koma 103 yau. Ƙa'idar da ka rubuta a katanga da adireshin da ka saka a talabijin duk sun tashi a banza, kai kuma ka koma zargin antibairos.

Miracast, wanda ake kira da maɓallan Windows da K, yana kwafe allon kwamfuta ne kai tsaye ba tare da rauta ba. Yana ƙirƙirar wata hanyar sadarwa ta wucin gadi, katangun waje kuma sukan ɗauke ta baƙuwa su tare. Da katangar Windows ya fi tafiya. Chromecast kuwa, idan YouTube kake turawa, kwamfuta umarni kawai take bayarwa, talabijin ne ke jan bidiyon daga intanet da kansa. Shi ya sa za ka ga YouTube yana tafiya amma fim ɗin cikin kwamfuta da ka tura ta manhajar kallon bidiyo ta VLC ya ƙi: na biyun ne ke buƙatar a shigo wurin kwamfutar.

Kada kuma a raina wayar HDMI da filashi. Wanda kallonsa na ƙarshen mako ne, kuma laftof ɗinsa na iya zama kusa da talabijin, wayar mita 3 ta raba shi da duk wannan, babu katangar da ke da ta cewa a kanta. Filashi ma haka, sai dai wanda aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, kuma ba kowane talabijin ke karanta exFAT ko NTFS ba, a duba littafinsa. Talabijin ba ya kamuwa da bairos ɗin Windows da ke kan filashi, amma filashin zai koma kwamfuta, don haka binciken filashi ya ci gaba.

Ga gidan da ake kallo kullum a ɗakuna da yawa, mafita mai ɗorewa ita ce a raba aiki. Tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi ta zama ma'ajiyar finafinai, ba a shiga banki ko imel da ita. Wasu rautocin ma suna da ƙofar USB da sabar DLNA a ciki, ka soka faifai kawai. Kwamfutar aiki sai ta zauna da katangarta a rufe ruf, ko wane kamfani ne ya yi ta.

Me ya sa nake nanata kada a kashe katanga, kuma kada a buɗe ƙofa zuwa waje? A Mayun 2017 bairos ɗin da ake kira WannaCry ya bi ta ƙofa 445, wadda Windows ke raba fayiloli da ita, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, ba tare da kowa ya danna komai ba. Laftof ɗin da aka kashe wa katanga a falo ita ce za a ɗauka gobe a hau Wi-Fi na makaranta ko na otal da ita. Sabar bidiyo ma ba abin wasa ba ce. A kutsen da aka yi wa kamfanin LastPass, mai ajiye wa mutane lambobin sirri, a 2022, ɓarayin sun shiga ne ta kwamfutar gidan wani injiniyansu, wadda ke ɗauke da tsohon Plex mai ramin da aka riga aka toshe tun Mayun 2020, shi ne bai sabunta ba. Duk ƙa'idar da za ka rubuta, ka taƙaita ta ga hanyar gida, ka sabunta sabar, kuma idan ba ka kallo daga waje ka kashe Remote Access, saitin Plex mai ba da damar shiga daga wajen gida.

Idan ka yanke shawarar komawa Defender, cire tsohon kwalin yana da ƙa'ida. Cirewa ta hanyar da aka saba takan bar guntun ƙananan manhajojinsa (direbobi) da ke tace sadarwa, sai ka ga manhajar ta tafi amma talabijin bai dawo ba. Kowane kamfani yana da kayan sharewa na musamman a shafinsa: Avast Clear, MCPR na McAfee, kavremover na Kaspersky, Norton Remove and Reinstall, ESET da Bitdefender su ma suna da nasu. Ka sauke daga shafin kamfanin kai tsaye, ka gudanar, ka sake kunna kwamfutar. Daga nan ka buɗe Windows Security ka tabbatar kariyar bairos da katanga duk suna kunne, ka mayar da Wi-Fi ɗin gida Private, sannan ka zare talabijin daga wuta na minti ɗaya ka mayar, domin ya sake yin shelarsa daga farko.